Kafin Ka Damƙa Shafinka ga Sabon Kamfanin Masauki



A ranar Asabar 7 ga Disamban 2019, mutane da dama masu shafukan intanet a ƙasashe daban-daban suka buɗe imel suka tarar da saƙo daga kamfanin da ke ba shafinsu masauki. Saƙon gajere ne, ana shaida musu cewa ranar Litinin za a rufe, kowa ya kwashe bayanansa. Ƙananan kamfanoni kusan 20 ne suka aika irin wannan saƙo a lokaci guda, cikinsu har da SupremeVPS da SparkVPS da Hosting73. Kalmomin saƙonnin sun yi kama da juna, fasalin shafukan kamfanonin ma haka, abin da ya sa masu bin diddigin harkar suka yi zargin cewa hannu ɗaya ne ke juya su duka. Abin da ya fi ciwo shi ne, mako guda kafin nan lokacin rangwamen ƙarshen Nuwamba ne, wanda ake kira Black Friday, lokacin da irin waɗannan kamfanoni ke karya farashi su karɓi kuɗin shekara guda a dunƙule. Wanda bai duba imel a wannan ƙarshen mako ba, ya wayi gari ranar Talata babu shafi, babu abin da ke cikinsa.

Na ɗauko wannan labari ne saboda harkar ta riga ta shigo mana gida. Yau makarantar kuɗi a Kano tana da shafin da iyaye ke shiga su duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu. Asibiti a Kaduna na ajiye sunayen marasa lafiya a intanet. Jaridun Hausa da ba a buga su a takarda sun yawaita, wasu da labaran shekara bakwai ko takwas a jibge. Mai turaren wuta a Maiduguri da mai kilishi a Maraɗi sun gane cewa Facebook da WhatsApp kaɗai ba su isa ba, suna son shafi mai sunansu. Duk waɗannan sai sun nemi inda shafin zai zauna, kuma akasarinsu wanda ya gina musu shafin suke bar wa zaɓi, su kuwa su tura kuɗi kawai.

Shafin intanet tarin fayiloli ne, rubutu da hotuna da rumbun bayanai, da ke zaune a cikin wata kwamfuta mai ƙarfi da ake kira saba. Ba a kashe ta dare da rana. Tana buƙatar gini mai wutar da ba ta yankewa, da na'urorin sanyaya ɗaki, da layin sadarwa fiye da ɗaya, da masu gadi da injiniyoyin da ke kwana a bakin aiki. Gina irin wannan wuri kuɗi ne na fitar hankali, shi ya sa a Najeriya manyan cibiyoyin akasari a Legas suke, irin su Rack Centre a Ikeja da cibiyar MainOne a Lekki. Matashin da ya buɗe kamfanin masauki watanni shida da suka wuce ba shi da irin wannan gini, kuma ba a sa ran ya mallake shi. Abin da yake yi shi ne sari. Yakan kama wuri a sabar wani kamfani a Jamus ko Amurka ko Faransa, ya yanyanka shi, ya sa sunansa da tambarinsa, ya sayar maka. Sau da yawa shi ma wanda ya saro a wurinsa ɗin saro ya yi.

Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san wannan tsari. Akwai mai gida, akwai wanda ya kama shago a hannun mai gida, akwai kuma wanda mai shago ya ba shi ɗan lungu ya ajiye dilar atamfarsa. Ranar da mai shago ya kasa biyan haya, mai gida zai zo ya garƙame ƙofa da kwaɗo, dilarka tana ciki. In ka je wurinsa zai ce bai san ka ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin babu wata yarjejeniya tsakaninku. Haka babban kamfanin da ke Turai yake. In wanda ya sayar maka da masauki ya yi jinkirin biya, za a dakatar da asusunsa gaba ɗaya, da shafinka da na duk abokan cinikinsa, bayan ɗan wa'adi kuma a goge. Kai da ka biya kuɗinka cif-cif ba ka da bakin magana a can.

To me zai sa ya kasa biya? A nan ne nake so mu ɗan tsaya mu yi lissafi, domin a ganina wannan shi ne tushen yawancin matsalolin, ya fi mugunta ko damfara yawa. Shi mai ƙaramin kamfani da naira yake karɓar kuɗi, da dala ko yuro yake biya. Mu ƙaddara yana biyan dala 30 a wata, wato dala 360 a shekara. A farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, wannan ya kama naira 270,000. In yana da abokan ciniki 100, kowa na biyan naira 4,000 a shekara, ya tara naira 400,000, ya fitar da kuɗin saba, ya ga ɗan abin sa wa a aljihu. Sai aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Wannan saba ɗin dai, ba a ƙara mata komai ba, ta koma naira 540,000. Yanzu giɓin naira 140,000 ne a gabansa, ga shi kuma rabin mutanensa sun riga sun biya kuɗin shekara biyu ko uku a tsohon farashi, saboda shi da kansa ya roƙe su da rangwame. Ba shi da jarin da zai cike giɓin. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙara karya farashi ya jawo sababbin mutane, ya yi amfani da kuɗinsu ya biya hayar tsofaffi. Duk watan da sababbi ba su shigo ba, fitila ta mutu.

Kuma canjin kuɗi ba shi kaɗai ne ke girgiza su ba. Akwai manhajar da ake kira cPanel, wadda mafi yawan masu masauki ke ba abokan cinikinsu don sarrafa shafi da imel. Shekara da shekaru kuɗinta ƙayyadadde ne a kan kowace saba, ko mutum nawa ka zuba a ciki. A watan Yunin 2019 kamfanin ya sanar da cewa daga yanzu da yawan asusu za a riƙa biya: dala 45 a wata a kan asusu 100 na farko, sannan ƙarin kuɗi a kan kowane asusun da ya haura. Manyan kamfanoni sun yi gunaguni sun biya. Ƙanana da suka gina kasuwancinsu a kan cusa ɗaruruwan shafuka a saba ɗaya da ɗan ƙaramin kuɗi, lissafinsu ya wargaje a rana guda, kan shawarar da aka yanke ba tare da an ji ta bakinsu ba.

Saboda haka idan ka ga talla ana cewa biya sau ɗaya ka samu masauki har abada, ko wuri mara iyaka a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, ka tambayi kanka wa zai biya kuɗin wuta da hayar saba a shekara ta uku. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Babu faifan ajiya mara iyaka a duniya, kuma babu sabar da ake bayarwa kyauta. Haka ma alkawarin da suke rubutawa cewa shafinka zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin 100 na lokaci. Ko an cika shi, yana nufin shafin zai iya ɗaukewa na kusan awa 9 a shekara. In kashi 99 ne, ya haura kwana uku da rabi. Wanda bai shekara da buɗewa ba kuwa, ba shi da tarihin da za a auna alkawarinsa da shi.

Sai batun mutum ɗaya. Kamfanoni da yawa da ke da kyakkyawan shafi, da hoton mata sanye da na'urar amsa waya, da rubutun cewa ana amsa kira awa 24, in ka bincika mutum ɗaya ne da kwamfutarsa ta cinya. Shi ne injiniya, shi ne akanta, shi ne mai amsa waya. Mutum ne kamar kowa: zai yi zazzaɓi, zai tafi hidimar ƙasa, za a sace masa waya, zai samu aiki a Abuja ko Dubai zuciyarsa ta bar wannan sana'a. Rai kuma na hannun Allah. In ta Allah ta kasance a kansa, kalmomin sirrin sabar suna cikin kansa ko cikin wayar da ke kulle, iyalinsa ba su ma san akwai makarantu da shaguna hamsin da ke rataye a wuyansa ba. Za a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, ranar biyan haya ta zo ta wuce.

Yanzu mu zo kan masu kutse, domin a nan ne ƙarancin hannu da ƙarancin kuɗi ke zama asarar da ba ta da magani. A watan Yunin 2011 wasu suka kutsa cikin wani kamfani a Ostareliya mai suna Distribute.IT, suka lalata sabobinsa da kwafin ajiyarsa. Shafuka kusan 4,800 suka tafi ba dawowa, kamfanin kansa kuma bai tashi ba, wani kamfani mai suna Netregistry ne ya karɓi abin da ya rage. A watan Yunin 2014 aka yi wa Code Spaces, wanda ke ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu. Wani ya samu shiga asusun da kamfanin ke sarrafa sabobinsa a Amazon, ya nemi kuɗi. Da suka yi yunƙurin canza kalmar sirri su kore shi, ashe ya riga ya buɗe wa kansa wasu ƙofofin, sai ya shiga goge komai. Cikin awa 12 kamfanin da ya yi shekaru yana tallar cewa yana da cikakken tsarin ajiya ya sanar da cewa ya daina aiki. Abin da ya kashe shi shi ne, bayanan asali da kwafin ajiyar duka daga asusu ɗaya ake iya taɓa su.

A Koriya ta Kudu, a Yunin 2017, manhajar garkuwa da bayanai ta kulle sabobi 153 na kamfanin Nayana, shafuka wajen 3,400 suka tsaya. Sai da kamfanin ya amince da biyan kuɗin fansa na kusan dala miliyan 1. Masu bincike da suka duba shafin kamfanin sun tarar yana tafiya a kan manhajojin da aka fitar tun 2006 da 2008, ba a sabunta su ba. Sabunta saba aiki ne na kullum, mai cin lokaci, wanda abokin ciniki ba ya gani balle ya yaba, shi ya sa shi ne abu na farko da ake yi wa sakaci in hannu ya yi kaɗan.

Na baya-bayan nan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Denmak. Ranar 18 ga Agustan 2023, kamfanonin CloudNordic da AzeroCloud, waɗanda gida ɗaya suke, suka wayi gari an kulle musu komai. Suna cikin kwashe sabobi ne daga wata cibiya zuwa wata, sai aka jona wasu na'urori da suka riga suka kamu da wata muguwar manhaja a kan layin cikin gida da ake sarrafa dukkan sabobin. Daga nan maharan suka kai ga rumbun asali, da ajiyar farko, da ajiya ta biyu. Kamfanin ya fito ya ce ba zai iya biyan fansa ba, ba ya ma son biya, kuma mafi yawan abokan cinikinsa sun rasa duk abin da suka ajiye. Shawarar da ya ba su ita ce su duba ko suna da kwafi a kwamfutocinsu, ko su leƙa rumbun tarihin intanet na Wayback Machine ko za su tsinci tsofaffin shafukansu. Ku duba fa, wannan a Denmak ne, ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, kotuna na aiki, ilimin fasaha ya wadata.

Wani zai ce to ai sai a koma wurin manya. Manya ma na faɗuwa, kuma adalci ne a faɗi haka. A daren 10 ga Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar OVH da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin masauki na Turai. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ya ƙone wani sashe, kuma kamfanin Netcraft mai sa ido a kan intanet ya ƙiyasta cewa shafuka miliyan 3.6 ne suka ɗauke. Akwai waɗanda suka biya kuɗin ajiya na musamman, sai daga baya suka gano cewa kwafin nasu a ginin da ya ƙone yake. Amma ga bambancin: washegari OVH na nan, da ofis, da ma'aikata, da wasu cibiyoyin da aka kwashe mutane zuwa can, da dukiyar da kotu za ta iya kamawa. A 2023 kotun kasuwanci a birnin Lille ta umarce shi ya biya wasu abokan cinikinsa diyya. Wanda kamfaninsa lambar waya ce da asusun banki na mutum ɗaya, in ya kashe wayar, wa za ka kai ƙara, a wace kotu, kuma me za a kama?

Duk da haka, asarar fayiloli ba ita ce mafi muni ba a wurina. Shafi in ya goge ana iya sake gina shi, ko da wahala. Abin da ke da wuyar dawowa shi ne adireshin shafin, wanda masu sana'ar ke kira domen: wannan suna da ke ƙarewa da .com ko .ng ko .ne, wanda ka buga a allon makaranta, a jikin mota, a katin kasuwanci da kan takardun ofis. Adireshi da masauki abubuwa biyu ne daban, ana iya sayen kowanne a wuri daban, amma ƙananan kamfanoni sukan haɗa maka su a ƙunshi ɗaya, har su ce adireshin kyauta ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wajen rajista sai a rubuta sunan mai kamfanin da imel ɗinsa a matsayin mai adireshin. A idon hukumomin da ke kula da sunaye, wanda aka rubuta shi ne mai shi. Shekara biyar kana tallata suna, kana tara masu ziyara, a takarda kuwa na wani ne. In kuka saɓa, zai iya riƙe shi sai ka biya abin da ya yanka. In ya ɓace, ba ka da ikon sabuntawa.

Shi adireshi kuma haya ce ta shekara-shekara. Na .com in wa'adinsa ya cika ba a biya ba, akwai ɗan lokacin sassauci da ba ya wuce kwana 45, sai kwana 30 da za a iya fanso shi da tara mai tsada, sai kwana 5 na jiran sakewa. Daga nan ya koma kasuwa, kowa na iya saye. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, suna da manhajojin da ke dakon sunayen da suka faɗi, musamman masu yawan baƙi, su cafke cikin daƙiƙa. Ana cika irin waɗannan shafuka da tallar caca ko abin da ya fi caca muni. Ka yi tunanin uba ya buga adireshin makarantar Islamiyyar da 'yarsa ke zuwa, abin da ya fito masa ke nan. Imel ɗin da ke kan wannan suna ma ya koma hannun sabon mai shi, duk wasiƙar da banki ko abokin hulɗa ya aiko, can za ta sauka.

Wannan matsala ta taɓa girgiza duniyar intanet. A 2007 wani kamfanin rajistar sunaye a Amurka mai suna RegisterFly ya rikice saboda rigimar masu shi, mutane suka biya kuɗin sabuntawa ba a sabunta ba, sunaye suka yi ta faɗuwa. Hukumar ICANN mai kula da tsarin sunaye ta soke amincewar da ta yi masa, kamfanin GoDaddy ya karɓi sunaye sama da 850,000. Bayan wannan ne aka tsaurara dokar cewa kamfanonin rajista da aka amince da su su riƙa ajiye bayanan masu sunaye a hannun wani amintacce na daban. Wannan kariya tana amfanar wanda sunansa ke cikin rajista ne. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da .ng, kuma tana wallafa jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. Duba wannan jeri bai fi aikin minti biyar ba.

Akwai kuma doka, ga masu riƙe bayanan jama'a. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora nauyi a kan wanda ya tattara bayanan. In makaranta ce ko asibiti, kuma aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, ana so a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72. Cewa yaron da ke riƙe mana shafi ne ya yi sakaci ba zai wanke shugaban makaranta ba.

Kada wani ya fahimce ni da cewa a guji matasanmu. Ina ganin amfaninsu ƙwarai. A 2022, lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya, waɗannan ƙananan kamfanoni ne suka riƙe shafukan mutane da yawa, domin su suna karɓar naira ta tiransifa. Za ka kira mutum ya amsa maka da Hausa, ya zo shagonka ya zauna ya nuna maka yadda ake sa hoto. Babban kamfani a Amurka ba zai yi maka haka ba. OVH ɗin da na ambata ma, wani matashi ne mai suna Octave Klaba ya fara shi a 1999 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In babu wanda ya yarda da sabon shiga, ba za mu taɓa samun manyan kamfanoni namu ba. Abin da nake ƙi shi ne a haɗa suna, da shafi, da imel, da kwafin ajiya, a damƙa wa mutum ɗaya, a juya baya, a kira wannan yarda. Ko shi kansa an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Ka yi ciniki da shi, amma adireshin ya kasance da sunanka ko sunan ma'aikatarka, a asusun da kai ka buɗe, kai ke riƙe da kalmar sirrinsa, zai fi kyau ma a wani kamfanin rajista daban. In an riga an yi rajistar a hannunsa, ka nemi ya ba ka lambar sirrin da ake mayar da adireshi da ita zuwa wani kamfani. Haƙƙin mai adireshi ne, kuma yadda ya karɓi wannan buƙata zai nuna maka irin mutumin da kake hulɗa da shi. Mai gaskiya zai ba ka ba tare da ɓata rai ba. Ka tambaye shi a wace ƙasa sabar take, a hannun wane kamfani, ina ake ajiye kwafi, kuma in shi ba ya nan wa za a kira. Ka duba sunan kamfaninsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Da fari ka biya na wata uku ko shida, ko da na shekara uku ya fi sauƙi a lissafi, domin kuɗin da ka biya gaba bashi ne ka ba shi ba tare da jingina ba.

Kwafin ajiya kuwa, na hannunka shi ne naka. Masana harkar na cewa a samu kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga ƙaramin ɗan kasuwa wannan na nufin ka sauke cikakken shafin, har da rumbun bayanansa, duk mako ko duk wata gwargwadon yadda yake canzawa, ka ajiye a kwamfutarka, ka sa wani a filas ko a asusun ajiya na wani kamfani da ba shi da alaƙa da mai masaukinka. Sannan ko sau ɗaya a shekara ka sa wanda ya iya ya gwada tayar da shafin daga wannan kwafi. Mutane da yawa sai ranar da suka buƙaci kwafin suke gano cewa fayil ɗin fanko ne, ko rabi ya sauka.

Ku kuma ƙannena masu wannan sana'a, ina roƙonku abu biyu. Ku sa farashin da zai iya riƙe ku ko dala ta motsa, ku faɗa wa mutane gaskiyar inda kuka saro, babu abin kunya a sari. Sannan ku rubuta kalmomin sirri da jerin abokan cinikinku ku ba wani amintacce da ya san aikin, da umarnin abin da zai yi in wani abu ya same ku. Dukiyar mutane ce a hannunku, amana ce kamar kowace amana. In kuma kasuwa ta ƙi, ku sanar da wuri, ku miƙa wa kowa adireshinsa da fayilolinsa, ku rabu lafiya.

Ga masu shafi kuma, wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa: imel ɗin da za ka yi rajistar adireshi da shi kada ya zama wanda ke kan shi wannan adireshin. In shafinka ya faɗi, imel ɗin ma ya faɗi tare da shi, kuma can ne kamfanin rajista zai aika gargaɗin ƙarewar wa'adi da saƙon canza kalmar sirri. Ka yi amfani da wani imel na daban, irin su Gmail, wanda kake buɗewa kullum, ka haɗa shi da lambar wayar da ke hannunka, ka kuma rubuta ranar ƙarewar wa'adin a kalandar ofis inda wani bayan kai zai gani.